Samruai Mai Majigi da Fim Marar Ƙarshe

A ƙauyen Nong Hai ko jariri ya san kukan motar Lung Samruai, wato Kawu Samruai. Tsohuwar akori-kura ce mai tari kamar an shaƙe ta, bayanta cike da gorori da naɗaɗɗen farin ƙyalle, ga injin wuta, ga lasifika biyu da suka girmi rabin mutanen garin. In ta bi ta gaban gidaje da la'asar sakaliya ta nufi kurmi, matan da ke dakan ɗanyar gwanda sukan tsaya da taɓarya a hannu su tambayi juna, "To, yau kuma bukatar wa ta biya?"

Sana'arsa ke nan tun yana da baƙin gashi: haska wa iskoki majigi. Mutum ne zai shiga uku, ko ɓaunarsa ta ɓata, ko ɗansa zai je ɗibar ƙuri'ar shiga soja, ko 'yarsa ta wahala a naƙuda, sai ya nufi kurmin bayan gari inda ɗan ɗakin katako na Kakan gari, iskan da ke tsaron garin, yake bisa dirkoki, ya ɗauki alkawari: in ka fid da ni, zan kawo maka fim. Ranar da bukata ta biya, a aika wa Samruai. Ya zo ya kafa gorori, ya ɗaure ƙyalle yana kallon ɗakin Kaka ya ba gari baya, rana na faɗuwa ya tayar da inji. A da gari kan taso ɗungurungum da tabarmi, masu gasa masara su yi ciniki albarkacin Kaka. Yanzu kowa ya duƙufa kan wayarsa kamar kaza a kan tsaba. Sai ka iske fili fetal, daga Samruai sai sauro sai karnuka, sai kuma wanda aka yi abin dominsa, wanda ba a gani.

Dokar aikin biyu ce, kuma tun yana saurayi ubangidansa ya cusa masa su a ka. Ta farko, abin da baki ya ambata shi ake kawowa, ba ragi ba musaya. Ta biyu, fim ɗin Kaka ba a tsayar da shi a tsakiya. Ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ba ɗan Adam ɗaya a wurin, sai an ga ƙarshensa. An sha ganin Samruai tsaye cikin ruwa, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe na'urar majigi, shi yana jiƙewa yana haska wa itatuwa dambe.

Saboda doka ta farkon nan ne mai hankali ba ya zuwa kurmi ya yi alkawari da bakinsa. Akwai Po Yai Prom, tsohon da ke magana da Kaka a madadin gari, shi ake ɗauka ya auna maka kalma kafin a furta. Yakan ce, "Kaka ba mugu ba ne. Mantuwa ce dai ba ya yi, kuma bai san wani abu wai shi 'ai ba haka nake nufi ba' ba."

Kowa ya san abin da Kaka ke so: dambe, barkwanci, waƙa da rawa. Samruai ya haska su har ya haddace, yana iya juya wa ƙyalle baya ya gaya maka inda za a mari wa. Amma ko ɗaya bai taɓa shiga ransa ba. Abin da ya shiga ransa yana cikin gwangwanaye uku masu tsatsa da ya ajiye a ƙarƙashin gida, a saman rumbun shinkafa inda ɓera ba ya kaiwa.

Ya same su ne shekarar da wani gidan silima ya rufe a Khon Kaen, ana sayar da tsofaffin faya-fayai a kan sikeli kamar ƙarfen bola. Rubutun jikinsu ko malamin makarantar garin ya kasa karantawa. Da ya dawo ya rataya zanen gado tsakanin dirkokin gidansa ya gwada.

Fim ne baƙi da fari, kusan ba magana a cikinsa. Wata doguwar mata ce a ɗaki tana jera kwanoni a kan tebur. Baƙinta riguna ne rataye a kan kujeru, ba mutane a ciki, amma tana zuba musu miya tana jira su sha. Ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa, ita ko a jikinta. Wani doki na tsaye a kan matakala yana kallonka, ya daɗe har sai ka ji kunya ka kau da kai. Daga nan matar ta ciro ƙofar ɗakin ta goya a baya, ta kama tafiya cikin wani fili fari fat kamar an baza gishiri, ba gari ba bishiya. Can a tsakiyar filin ta tsayar da ƙofar, ba bango ba gini. Ta zauna ta taje gashinta tsaf, ta miƙe, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. A nan zaren fim ɗin ya ƙare. Faifan ƙarshe ba ya cikin kayan da aka auna masa.

Samruai ya zauna a gaban farin zane yana kuka, ƙato da shi, bai san dalili ba. Sai daga baya ya tuna. Yana yaro aka yi ambaliyar da ta tafi da mahaifinsa, uwarsa kuwa ta ci gaba da ajiye masa kwanonsa, tana girki ruwa na dukan ƙafarta, ba ta kuka ba ta magana. Dangi sun sha ba da labarin wannan shekara, kowa da ƙarin gishirinsa, amma babu wanda ya faɗe ta yadda take sai wannan baƙuwar matar da bai san ko sunanta ba. Daga ranar ya kamu, kuma bai warke ba.

Matarsa Buapan kuwa, gajera ce mai kaifin harshe, tana da rumfar dakakkiyar gwanda a bakin titi, barkononta da bakinta ba a san wanda ya fi zafi ba. In ta ji na'ura na kaɗawa a ƙasa, sai ta duƙa ta leƙo ta tsagar katako.

"Uban Lamyai! Yau budurwar taka ta buɗe, ko tana nan?"

"Tana nan."

"Tabɗi! Shekara da shekaru mace na tsaye a bakin ƙofa, kai kuma ka saki baki kamar kwaɗo ya ga fitila. Ni in na ƙwanƙwasa sau ɗaya ba a buɗe ba, ɓalla ta zan yi."

"Ke ba ki gane ba ne, Uwar Lamyai. Waɗancan na Kaka tauna maka suke yi su sa maka a baki: nan yi dariya, nan yi kuka. Wannan ba ya roƙonka komai. Kamar mafarki ne. Kin taɓa ganin mafarki ya tsaya yi miki bayani?"

"Na dai taɓa ganin shinkafa ta huce ana jiran mahaukaci. Hawo ka ci."

'Yarsu Lamyai da ke aiki a Bangkok ta san halin ubanta, takan aiko masa da ire-irensu, irin waɗanda 'yan jami'a ke kallo suna shafa haɓa. Duk ya kalla, wasu ya yaba, wasu ya ce mai su ƙaryar hauka yake yi. Amma ba wanda ya ture na farkon. Rashin ƙarshen ma wani daɗi yake masa. Kullum da abin da yake sa wa a bayan ƙofar nan, yau teku, gobe uwarsa, jibi ba komai.

Haka suka tsufa, tana yi masa tsiya yana shanyewa, har daminar da Buapan ta shiga ruwan gona da yanka a ƙafa. Zazzaɓi ya kwantar da ita, idanunta suka yi rawaya, aka kai ta asibiti. Da likita ya ja Samruai gefe ya ce a kira 'yarta, sai ƙasa ta juya masa. Ya shiga mota ya kamo hanyar gida da hantsi, ya wuce ƙofar Po Yai Prom ko waiwaye bai yi ba, bai tsaya ba sai kurmi. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana cika alkawuran wasu, bai taɓa ɗaukar nasa ba sai ranar. Ya kunna turaren tsinke, ya durƙusa.

"Kaka, ni ne Samruai, ka san ni. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar mini tsohuwar nan. In ta taka ƙasa da ƙafarta ta dawo gida, zan haska maka fim ɗin da na fi so a duniya, tun daga farkonsa har ƙarshensa."

Ko ganye ba ya motsi a kurmin. Hayaƙin turaren da ke tashi sama sambal ya tanƙwara ya shige ɗan ɗakin, kamar wani ya ja numfashi. Sai da Samruai ya kama murfin mota sannan kunnensa ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Fim ɗin da ya fi so ba shi da ƙarshe. Baki shi ke yanka wuya, kuma wannan karon ba wuyansa ne a ƙarƙashin wuƙar ba.

Buapan ta tashi. Likitoci suka yi ta mamaki, ita kuwa ta dawo gida da ƙafarta tana zagin abincin asibiti. Gari na murna, Samruai na murmushin yaƙe. Da abin ya ishe shi ya tafi wurin Po Yai Prom ya zayyane masa komai.

Tsohon ya furzar da abin da yake tauna. "Ka ce me? Kai da ka yi furfura a bakin kurmin nan! Ina raye, ƙofata a buɗe, ka wuce ni ka je ka saki baki kamar ɗan yaye?"

"Po Yai, ranar kaina ba ya jikina."

"Yanzu ma ban ga ya dawo ba. Wa ya ji ka?"

"Ba kowa."

"To wa ya san wanda ka fi so? An tsaga ƙirjinka an leƙa? Ɗauko na barkwancin nan mai ɓarawon kaza, Kaka na sonsa. Ka zauna a gaba ka yi ta ƙyaƙyata dariya ya ji. A wuce wurin."

Samruai ya san shawarar ba ta da ƙafa, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Aka dafa kaza, aka kawo giyar shinkafa, aka kafa ƙyalle. Ya zauna yana tilasta wa kansa dariya, muryarsa na dawo masa daga cikin itatuwa, shi da kansa bai ji daɗin jinta ba. Da fim ya ƙare Po Yai Prom ya zaro guringuntsin haɓar kazar kamar yadda aka saba, in ya fito a miƙe Kaka ya karɓa. Ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiya. Tsohon ya yi wuf ya jefa shi cikin ciyawa. "Tsohuwar kaza ce," in ji shi, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ba a yi nisa ba zazzaɓin ya dawo. Ba ya zuwa da safe, ba ya zuwa da rana, sai la'asar, daidai lokacin da motar majigi ke fita. Rannan Samruai ya hau gida ya iske Buapan ta shimfiɗa tabarma ta jera kwanoni. Ta kwaso rigunansa da tsofaffin na Lamyai ta baza kewaye, tana bi tana zuba wa kowace miya. Ƙafafunta jiƙe sharkaf har idon sawu, alhali damina ta wuce, gidan kuma a kan dirkoki yake.

"Uwar Lamyai, me kike yi haka?"

Ta dube shi kamar wadda aka tasa daga barci. Ta dubi ludayin hannunta. "Wani tsoho ne ya ce in jera," ta ce a hankali, da muryar da bai san ta da ita ba. "Kullum yana zama a kan matakala. Ya ce an kawo masa abin da ba shi aka ambata ba. Ya ce in ba za a nuna masa ba, ni in yi masa."

Samruai ya waiwaya. Ba kowa a kan matakala, sai dai katakon hawa na biyu a jiƙe yake.

Ya so ya ce zafin zazzaɓi ne, ai ta sha leƙen fim ɗin ta tsagar katako. Amma da ya same ta wata la'asar tana kokawa da ƙofar kicin, ta kwance igiyar sama tana neman ta ɗora ta a baya, sai tsoro na gaske ya kama shi. Ya san abin da ke biye. Bayan ƙofa sai tafiya, kuma a gabas da gari akwai fakon gishiri fari fat inda ko ciyawa ba ta fita. Abin da ke bayan tafiyar kuwa, shi kansa bai sani ba. Ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, tun daga kurmi har haɓar kaza.

Ta dube shi. "Wato raina ka jingina a kan matar da ko ƙofa ba ta iya buɗewa ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai dai an yi sakaran tsoho." Ta goge ƙafarta da gefen zane. Can ta ce, "Amma wanda ka fi so ka ce za ka bayar. Da na ɓarawon kaza ka saye ni da shi tun farko, da na ji haushi."

Ya nemi faifan ƙarshen nan kamar mai neman allura a rairayi. Ya koma Khon Kaen, ya iske inda silimar take an mai da shi wurin ajiye motoci. Lamyai ta ɗauki hoton gwangwanayen ta yi ta nuna wa masu shafa haɓa, ba wanda ya taɓa jin labarin fim ɗin. Buapan kuwa tana ta zubewa, har sai da ya zama yana ɗaure ƙofar kicin da waya kafin ya fita. Daga ƙarshe ya koma wa Po Yai Prom ya ce zai haska abin da yake da shi.

"In zaren ya ƙare fa?" in ji tsohon. "Ka san ba a kashe wa Kaka fitila a tsakiya."

"Na sani."

"To me za ka yi?"

"Ban sani ba, Po Yai."

Ranar da aka sa, Buapan ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ya roƙe ta ta zauna a gida. "In yanka ni za a yi, gara in ga wuƙar," ta ce. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da na'ura. Labari ya riga ya zaga, gari ya taso kamar zamanin da, sai dai ba mai gasa masara, kuma kowa ya toge a bakin kurmi, ba wanda ya matso. Karnukan da ba su taɓa fashin majigi ba ranar ko ɗaya bai zo ba.

Rana ta faɗi, ya tayar da inji. Da matar ta fara zuba wa riguna miya aka ji 'yan dariya daga baya, wani ya ce, "Au, wannan ne abin?" Da ruwa ya kai mata gwiwa dariyar ta mutu. Da dokin ya zuba wa jama'a ido, mata suka fara jan 'ya'yansu jiki. Gyare ya yi shiru, kwaɗi suka yi shiru, ba ka jin komai sai kaɗawar na'ura. Samruai ya canja faifai a tsorace. Duk da haka, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba shi kunya daga baya, wani ɓangare na zuciyarsa murna yake yi. Bai taɓa ganin fim ɗinsa a babban ƙyalle ba. Ya yi kyau har ya fi ƙarfin faɗa.

Matar ta goya ƙofa, ta yi tafiyarta, ta tsayar, ta taje gashi. Zaren na ƙarewa a kan idonsa. Ta ɗaga hannu. Wutsiyar zaren ta fice tana faf-faf-faf, ƙyalle ya koma fari tas.

Ba wanda ya motsa. Wani sanyi ya taso daga wajen ɗan ɗakin, wutar kyandirorin da ke gaban ɗakin duk suka kwanta gefe guda suka tsaya a haka. Samruai na tsaye, ba halin kashewa, ba abin sakawa. Daga ƙarshe ya kai hannu wajen makunnin fitila.

"Kar ka kashe, tsoho."

Buapan ce ta miƙe, matar da sai an riƙe ta take tashi. Ta naɗe tabarmarta ta nufi gaban ƙyalle, cikin hasken. "Po Yai, taso ka riƙe mini wannan a tsaye. Ɓuya a bayanta, kada a ga wannan kan naka mai kama da kwakwa."

Tsohon ya taso, ya ware tabarmar ya ɗaga, ya laɓe. Sai ga inuwar ƙofa baƙa a tsaye a tsakiyar farin fili. Kusa da ita ga inuwar wata gajerar mata. Ta zauna, ta kwance gashinta, ta taje da yatsu, a nutse, ba gaggawa, daidai yadda waccan ke yi. Ashe duk shekarun nan da take leƙe ta tsagar katako tana tsiya, kallo take yi. Hawaye suka cika idon Samruai.

Ta miƙe, ta ɗaga hannu, ta ƙwanƙwasa. Tabarma ba ta ƙara, kowa ya san haka. Amma duk wanda ke wurin ya ji bugun katako mai kauri ya fito ta lasifika, sau ɗaya. Inuwar ƙofar ta buɗe a hankali. Har ya mutu Po Yai Prom yana rantsuwa ba shi ya juya tabarmar ba, ja aka yi daga hannunsa.

Buapan ta shige ta bayan tabarmar ta fito ta ɗaya gefen. Kowa ya gan ta, ga ta nan tsaye a kan ciyawa cikin haske tana ɗaure gashinta. Amma a kan ƙyalle ba wadda ta fito. Ƙofar ta rufe, fitilar na'ura ta dushe da kanta ta mutu. Can sai gyare ɗaya ya fara kuka, saura suka amsa. Po Yai Prom ya zaro haɓar kaza a gaban kyandir, ta fito a miƙe sambal.

A hanyar komawa Buapan ta ce yunwa take ji. Ta ci shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi har da neman ƙari, ta yi barci. Zazzaɓi bai sake dawowa ba.

Sai da aka kwana biyu Samruai ya lura. Suna dawowa da yamma a kan kunyar gona, rana a bayansu, ya ga inuwarsa ta miƙe zuruu a kan ruwa, da ta fartanyarsa, da ta kwandon da Buapan ke ɗauke da shi. Kwandon na tafiya shi kaɗai, ba kowa a ƙarƙashinsa. Ya tsaya cak.

"Na gani tun jiya," ta ce ba ta ko waiwayo ba. "Rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Me zan yi da inuwa? Tun da nake ba ta taɓa taya ni daka ba."

"Uwar Lamyai, me kika gani a bayan ƙofar?"

"Oho. Ba kai ka ce mafarki ba ya bayani ba?"

Ya sake tambayarta a wasu lokutan, amsar ke nan. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, ta ga jikoki, ta raka Po Yai Prom makwancinsa. Ta mai da rumfarta ƙarƙashin tsamiya inda inuwa ta riga ta cika ƙasa, mutanen gari kuwa suka koyi sayen gwanda ba tare da duban ƙasa ba. Mutanen Nong Hai sun iya wannan: abin da suka gani da idonsu su yi kamar ba a yi ba. Samruai bai sake buɗe gwangwanayen nan ba. Ya ce an riga an ƙarasa masa.

Cikin sanyin wata shekara ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba, mutuwa irin ta kowa. Aka yi abin da ake yi, aka ƙona gawa, baƙi suka watse, Lamyai ta koma bakin aikinta bayan ta yi ta roƙonsa ya bi ta ya ƙi. Gida ya yi masa faɗi. Ya daina girki, ya daina aski, maƙwabta na kawo abinci yana hucewa a inda aka ajiye.

Sai wata la'asar aka ji motar na tari ta nufi kurmi. Mata suka tambayi juna bukatar wa ta biya, ba wadda ta sani, don ba wanda ya aika masa. Ya kafa gorori shi kaɗai, ya ɗaure ƙyalle, rana na faɗuwa ya tayar da inji. Bai sa faifai ba. Fitila kawai ya kunna, ya jawo kujerarsa ya zauna.

Har yau yana yi, duk yammacin da ba shi da aiki. Masu dawowa daga kiwon ɓauna sukan bi ta nesa su ƙara sauri. Waɗanda suka yi ƙarfin halin kallo sun ce da farko ƙyallen fari ne, sannan a hankali sai ƙofa ta fito a tsakiya. Wani lokaci ba ta buɗewa, ya gama zamansa ya naɗe kayansa. Wani lokaci kuwa takan buɗe, wata gajerar mata ta fito ta zauna tana taje gashi. In ta gama ta miƙe ta riƙe ƙugu, tana kaɗa masa yatsa.

Nan ne ake jin muryar Samruai cikin itatuwa yana cewa, "To, na ji, na ji. Ga shi zan ci." Sai ya jawo ɗan kwandon shinkafarsa ya buɗe, ya ci tun ba ta huce ba.